Magulmaci a Ƙafar Inna Madina

"Ki ce mata kada ta motsa ƙafar sai ya kafe," in ji muryar da ke bayan labule.

Zubaida ta ɗaga kai ta dubi tsohuwar. Inna Madina tana zaune a bakin gado, ta miƙe ƙafarta ta hagu bisa kujera 'yar tsuguno, ta juya fuska tana kallon bango.

"Inna, wai kada ki motsa."

"Na ji. Ki ce wa mutumin nan ni ba kurma ba ce. Kuma ba rawa nake shirin tashi in yi ba."

Aka yi 'yar dariya a bayan labulen. Zubaida ta danne tata, ta karkata 'yar kwalbar a hankali. Maganin ya zubo ruwa-ruwa, ja kamar zoɓon da aka tsinka, da sanyin ƙanƙarar kular da ake ajiye shi a ciki. Yana sauka a kan gyambon da ke gefen dunduniya, ya ji ɗumin jiki, sai ya fara kauri. Kafin a karanta Fatiha ya kafe kamar kunun da ya huce, ya bi kowane lungu na ciwon ya rufe. Zubaida ta ɗora masa 'yar leda mai haske, ta manne gefe da gefe, yadda malamar asibiti ta koya mata.

"Ya kafe, Dakta."

"Madalla. Ki tambaye ta, da zafi?"

"Ki ce masa lafiya lau," in ji Inna, tun kafin a tambaye ta.

Mutumin da ke bayan labule Dakta Bakari ne, malami a jami'a. Ba likitan allura ba ne, haɗa magunguna ya karanta. Shi ne kuma ɗan farin Inna. Duk Ƙofar Wambai an san Inna Madina da fulako. Ta baro ruga wajen Inkil tun mijinta yana da rai, ta shekara talatin da wani abu a cikin gari, amma ba ta bar ko ɗaya daga alkunyar gidansu ba. Ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon idonsa, ba ta cin abinci in yana gidan. Ana yaye shi aka ba da shi ga ƙanen mahaifinsa, shi ya sa shi a makaranta. Har ya yi furfura a gemu Adda yake ce mata, kamar wata yayarsa. Ya yi ya yi ta koma gidansa da zama, ta aika masa cewa ɗakinta bai yi yoyo ba tukuna.

Zubaida kuwa katanga ɗaya ce ta raba gidansu da na Inna, da 'yar ƙofar langa-langa a jiki. Yarinya ce marar magana, in baƙo ya yi sallama sai ta nemi bayan mahaifiyarta, Umma A'i. Wataƙila shi ya sa jininsu ya haɗu da tsohuwar. Ita kaɗai Inna take yarda ta taɓa mata ƙafa.

Ciwon sukari ne ya kawo gyambon. Bara ma ta yi irinsa a ɗan yatsa, kullum aka ce "Inna ya jiki?" sai ta ce "Da sauƙi," har sai da wari ya tona, aka yanke yatsan. To bana da wannan ya fito, likitar da ke duba ta a babban asibiti ta ce akwai wani sabon abin rufe ciwo da suke gwadawa a kan waɗanda suka yarda, kuma ɗanta yana cikin waɗanda suka haɗa shi. Inna ta gyara mayafi ta ce, "Duk ɗaya ne. A sa abin da aka ga dama."

A zauren gidansu Zubaida Dakta ya yi musu bayani, ita da Umma A'i.

"Hajiya, kin taɓa ganin kanwa ta faɗa cikin zoɓo?"

"Sau nawa! Sai ya yi wani kore-kore, baƙi-baƙi, a zubar."

"To shi ke nan, kin gama karatun. Akwai ƙaro a cikin abin nan, akwai launin zoɓo, da wasu abubuwa. In ciwo yana lafiya, zai zauna ja. In ƙwayoyin cuta suka shiga, ruwan ciwon yakan juya ya yi kamar ruwan kanwa, sai abin ya koma kore, ya kuma saki ɗan maganin da ke cikinsa. Amma wannan na riƙon ƙwarya ne kawai. Zubaida, da kin ga kore, ko ina cikin aji ne ki kira ni."

"Ikon Allah," in ji Umma A'i. "Wato magani mai baki."

"Tunda Adda ba za ta faɗa ba, ai gara in samo mai faɗa."

Da labari ya kai kunnen Inna, ta dubi ƙafar ta ce, "Au, magulmaci aka ɗaura mini?" Sunan da ya bi shi ke nan. Zubaida takan shigo da safe ta ce, "Inna, me magulmaci ya ce yau?" Inna ta ce, "Bai samu abin faɗa ba, baƙin ciki kamar ya kashe shi."

Kuma ciwon ya fara haɗewa. Da can in za a cire auduga da bandeji sai an jiƙa, a ja, jini ya biyo, Inna ta cije leɓe tana kallon rufin ɗaki. Wannan kuwa ana ɗaga shi sai ya taso gaba ɗaya, bai ɗebo nama ba. Kuma ba sai an buɗe kullum ba, ta cikin ledar ake ganin komai.

Duk ranar da aka canza, Dakta yakan tsaya a zaure yana juya makullin mota a hannu.

"Ta ce wani abu?"

"Ta ce a gai da yara."

"A'a, a kan maganin nake nufi."

Zubaida ta sunkuyar da kai. "Ba ta ce komai ba."

Wata rana Umma A'i ta ji, ta ce, "Kai ma dai Bakari, kamar ba Bafulatani ba. Me kake so ta ce?"

"Na sani, Hajiya. Wallahi na sani." Ya yi murmushin yaƙe. "Turawa sun yaba, shugabanni sun yaba. Ita kuwa ko 'zo nan' ban taɓa ji daga bakinta zuwa kunnena ba. Mutum ko ya tsufa, yana so ya ji."

Zubaida ta riƙe maganar nan a ranta, ba ta kai wa kowa ba.

Labarin magulmaci ya zaga unguwa. Mata suka riƙa shigowa dubiya, rabi don Inna, rabi don su ga abin da idonsu. Ranar wata Laraba ɗakin ya cika, Zubaida tana gefe tana yi wa Inna fifita saboda zafin bazara.

"Inna, kin haifu kin haifa," in ji wata. "An ce in wannan ya warkar da ke, har a rediyo za a faɗi sunan ɗanki."

"Allah dai ya sa," in ji wata mai sayar da atamfa a kasuwar Muda Lawal, tana leƙa ƙafar. "Don in ya ƙi, kin san bakin mutane. Cewa za a yi a kan uwarsa ya gwada, abin ya ɓaci."

"Ke kuwa Juwairiyya, bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

"Ni me na ce? Gaskiya ce ai."

Aka yi dariya aka wuce. Inna ta ja zane ta rufe ƙafar.

Bayan 'yan kwanaki Zubaida ta ga Inna ta rage cin abinci. Furar da take so ma sai ta kurɓa ta ture. Jikinta da zafi, amma garin ma zafi ake yi, kowa gumi yake. Zubaida ta duba ƙafar, magulmaci ja wur, har ya fi da ja. Dakta ya kira ta waya daga Gombe, inda ya je taro, ta ce masa, "Ja ne." Ya ce alhamdu lillahi.

Da hantsin ranar Litinin Umma A'i ta aiki Zubaida ta mayar wa Inna rariyarta. Ba lokacin zuwanta ba ne. Ta tura 'yar ƙofar langa-langa, ta ɗaga labule da sallama a bakinta, sai sallamar ta maƙale.

Inna ta naɗe ƙafar bisa cinya, ta ɗaga gefen ledar. A gabanta akwai kofin silba da zoɓo mai kauri, ba sukari. Tana tsoma bakin farin hankicinta a ciki tana ɗiga wa maganin. Inda zoɓon ya taɓa ya koma ja. Inda bai kai ba, can gefe, kore ne shar kamar gansakuka a bakin rijiya.

"Saki labulen," in ji Inna. "Shigo."

"Inna... me kike yi?"

"Ina rufe wa magulmaci baki."

"Tun yaushe?"

"Tun Juma'a."

Rariyar ta kuɓuce daga hannun Zubaida. Ta durƙusa, ta taɓa ƙwaurin tsohuwar, ta ji shi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ya kumbura har yana sheƙi.

"Inna, ai cewa ya yi in an ga kore a kira shi."

"Na ji abin da ya ce. Ja lafiya, kore cuta. Kin kuma ji abin da matar nan ta faɗa." Ta matse hankicin a cikin kofin, yatsunta sun rine. "Yaron nan..." Ta tsaya, ta haɗiye kalmar. "Mutumin nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan abin nan. Ni ban goya shi ya ƙoshi ba aka ɗauke shi. Ban taɓa wanke masa rigar makaranta ba. Ban ba shi komai ba, 'yar nan. To ba ni ce zan zama wadda za ta ɓata masa aiki a idon duniya ba. Ƙafa ce, ta gaji da ni na gaji da ita."

"Amma Inna..."

"Amana na ba ki. Kin ji ko?"

Zubaida ta yi shiru. Inna ta ɗauki shirun a matsayin amsa, don ta saba da shirun yarinyar. Ta mayar da ledar ta danne, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Zubaida ta tsinci hankicin daga ƙasa ta fita da shi a dunƙule cikin hannu.

Ta daɗe tsaye a bayan ɗakin girkinsu da waya a hannu. Tunda take ba ta taɓa kiran babban mutum da kanta ba, sai dai a kira ta. Kuma tsohuwar nan ita ta koya mata dama fura, ita take ɓoye mata man shanu a ƙaramar ƙwarya. Ta tuna yatsan bara. Ta danna lambar Dakta.

"Dakta, ya yi kore."

Ya dawo gari a daren jiya, don haka kafin azahar motarsa ta tsaya a ƙofar gida. Ta tare shi a zaure, abin da ba ta taɓa yi ba.

"In ka duba, ja za ka gani," ta ce. Ta buɗe hannu ta nuna masa hankicin. "Zoɓo take ɗiga masa."

"Zoɓo?" Ya karɓa ya sansana. "Don me? Tsoron asibiti take ji?"

"A'a. Wai... wai kada a ce aikinka ya ɓaci. Ta ce ba ta ba ka komai ba, ba za ta ɓata maka wannan ba."

Dakta Bakari ya nemi dakali ya zauna. Ya fara wata 'yar dariya, sai ta karye a tsakiya. Ya cire hula ya rufe fuska da ita. Zubaida ta juya tana kallon ƙasa har ya gama.

Da ya tashi bai tsaya a bayan labule ba. Ya yi sallama ya shiga, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Zubaida," ya ce, "ki ce wa Adda, zama ja ba wuya, ko lalle ya iya. Shekarun da na yi, don koren nan na yi su. Ranar da ya yi kore, ranar ya yi aikinsa. In aka kai ta asibiti likitoci suka ga ya faɗi gaskiya, to aikina ya tsaya da ƙafafunsa."

Zubaida ta buɗe baki za ta maimaita, Inna ta ɗaga mata hannu. 

"Ki tambaye shi," in ji Inna, tana kallon bango, "ba don in tashi yake faɗa ba?"

"Ki ce mata wallahi gaskiya ce."

"Su likitocin za su san cewa tun Juma'a ya faɗa? Ni ce na hana shi?"

"Za su sani."

"To a miƙo mini babban mayafina." Ta dubi Zubaida ta gefen ido. "Ashe magulmata biyu nake kiwo a ɗakin nan."

Hawaye ya zubo wa Zubaida. Tsohuwar ta kama kunnenta ta ɗan ja, ba da ƙarfi ba. "Share. Kama ni in tashi."

A asibiti aka wanke ciwon, aka ɗaura mata ruwa da allurai. Likitar ta kira Dakta gefe ta ce cutar ta shiga jini, kuma ƙodar Inna ta daɗe da gajiya da sukari, za su yi iyakar ƙoƙarinsu. Humaira, autar Inna, ta zo daga gidan mijinta a Azare, suka riƙa jinya tare da Zubaida. An ci gaba da sa maganin a ƙafar, yana yin kore ana canzawa. Duk malamar asibitin da ta zo dubawa sai Inna ta ce, "Ku kalle shi da kyau, 'yan nan. Ba ya ƙarya. Ni na gwada shi." In aka ce, "Inna, an ce ɗanki ne ya yi?" sai ta rufe ido kamar barci ya ɗauke ta.

Ƙarfinta ya riƙa raguwa. Ranar wata Alhamis bayan la'asar, lokacin canji ya yi, malamar asibiti ta wanke ciwon ta miƙa wa Zubaida kwalbar, don Inna ba ta yarda da hannun kowa. Dakta yana tsaye a bakin ƙofa kamar kullum.

"Hannunki rawa yake yi yau," in ji Inna da 'yar muryar da ta rage mata. "Za ki yi ɓarna. Ba mai abu ya zuba abinsa."

Hannun Zubaida ba ya rawa. Ta dubi Humaira, Humaira ta dubi yayanta. Ya wanke hannu, ya sa safar roba, ya zo ya durƙusa a ƙarshen gadon. Ya tallabi dunduniyar da tafin hannunsa na hagu. Ƙafar ba ta da nauyi ko kaɗan. Inna ta juya fuska wajen taga.

Ya zuba a hankali. Nasa hannun ne yake rawa.

"Da sanyi," in ji Inna.

"Yanzu zai ɗauki ɗumin jikinki, Adda."

Suka jira ya kafe. Ya ɗora ledar, ya bi gefenta da yatsa, ya sake bi, ko da yake ta riga ta manne. Bai saki ƙafar ba, ita ma ba ta janye ba.

"Ka iya aiki," ta ce, idonta yana kan taga. "Allah ya yi maka albarka."

Zubaida ta buɗe baki don ta isar da saƙo, yadda ta saba. Sai ta ga ba a ce ta ce wa kowa komai ba. Ta rufe bakinta.

"Amin, Adda," in ji Dakta. "Amin." Ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa zanen gadon.

Washegari Juma'a da hantsi Inna Madina ta cika, Humaira tana riƙe da hannunta tana yi mata kalmar shahada. Aka kawo ta Ƙofar Wambai, aka yi mata sutura a ɗakinta, bayan an sauko daga masallaci aka kai ta. Juwairiyya mai atamfa ta fi kowa kuka. Zubaida ta tambayi mahaifiyarta ko da ta gane tun ranar farko da Inna ta tashi. Umma A'i ta ce, "Kwana ne ya ƙare, 'yata. Ke kin yi naki."

Bayan an share makoki, Humaira ta fito da kayan Inna tsakar gida don a wanke a rabar. Zubaida ta zauna gaban baho tana cuɗa zannuwa. Dakta ya shigo yi wa ƙanwarsa sallama, ya tsaya, ya laluba aljihu ya fito da farin hankicin nan mai jan tabo.

"Haɗa da wannan. Amma ba na rabo ba ne."

Ta karɓa ta tsoma a ruwa, ta goga masa sabulu. Tana cuɗawa sai jan ya fara juyawa a tsakanin yatsunta, ya yi duhu, ya koma kore-kore, kamar zoɓon da kanwa ta faɗa cikinsa. Ta tsaya ta ɗaga kai. Shi ma shi yake kallo.

"Bar shi haka," ya ce.

Ta matse shi a hankali, ta shanya a igiya kusa da babban mayafin Inna. Ya zauna a kan turmin da ke kife a gindin katanga, ya ajiye makullin motar a ƙasa, yana jira ya bushe.